Ajin Kodin da Haɗa Mutum-mutumi: Me Ake Koya wa 'Ya'yanmu, Kuma Ina Matsayin Shari'a?

Da zarar dogon hutu ya gabato, tallace-tallacen azuzuwan koya wa yara fasahar kwamfuta sukan cika zaurukan WhatsApp na iyaye a Kano da Kaduna da Abuja da sauran manyan garuruwanmu. Mako huɗu ko shida kawai, in ji masu tallan, yaro zai iya kodin, zai haɗa mutum-mutumi da hannunsa, a ƙarshe a miƙa masa takardar shaida. Wasu makarantun kuɗi ma sun shigar da abin cikin jadawalin zangon karatu, suna karɓar kuɗinsa daban. Iyaye kuwa sun rabu. Akwai wanda yake biya ido rufe don kada ɗansa ya zama saniyar ware a cikin tsaransa, akwai kuma wanda da jin kalmar mutum-mutumi sai ya ja da baya, domin a kunnensa ba ta da maraba da gunki. Duka biyun suna yanke hukunci ne a kan abin da ba su duba ba, alhali ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa ba a yi wa abu hukunci sai an fahimci haƙiƙaninsa. Don haka bari mu fara da fahimtar abin tukuna.

Mene ne kodin?

Kwamfuta ba ta da hankali, ba ta kuma san niyyar mai magana da ita ba. Abin da aka gaya mata take yi, yadda aka gaya mata, daki-daki, ba ragi ba ƙari. Kodin shi ne rubuta mata waɗannan umarni da wani harshe da take ganewa. Misali daga cikin darasin da ɗalibin Islamiyya ya riga ya sani zai fi bayyana abin. A babin zakkar tumaki da awaki, wanda dabbobinsa ba su kai 40 ba babu komai a kansa. Daga 40 zuwa 120 zai fitar da guda ɗaya, daga 121 zuwa 200 guda biyu, daga 201 zuwa 399 guda uku, daga nan kuma kowane ɗari guda ɗaya. A ce wa yaro ɗan shekara goma sha biyu ya rubuta manhajar da za ta tambayi makiyayi adadin dabbobinsa, ta gaya masa abin da ya wajaba a kansa. Dole ya tsara sharuɗɗan bi da bi: idan adadin bai kai kaza ba a ce kaza, idan ya kai amma bai wuce kaza ba a ce kaza. In ya yi sakaci ya rubuta "ƙasa da 120" a inda ya kamata ya ce "har zuwa 120", manhajar za ta ba mai tumaki 119 amsa daidai, ta ba mai 121 amsa daidai, amma ta kasa ba mai 120 cif amsar da ta dace. Kwamfutar ba za ta yi masa uzuri ba, ba za ta ce ai na gane abin da kake nufi ba. Sai ya koma ya bi rubutunsa layi-layi har ya gano inda ya kauce.

Wannan komawa da bin diddigi ita ce ribar ajin kodin ta gaskiya, kuma ta fi ƙarfin sana'ar kwamfuta. Yaron da ya saba da rarraba matsala gida-gida, da kula da iyakokin sharaɗi, da yarda cewa kuskuren daga wurinsa yake ba daga na'ura ba, ya sami tarbiyyar tunani da za ta amfane shi a nahawu da ilimin gado kamar yadda za ta amfane shi a lissafi. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami yana warware mas'alar gado mai auli ko raddi ya san irin wannan natsuwar da ake buƙata.

Dangantakar ba ta kwatance kaɗai ba ce. Jerin matakan warware matsala, wanda shi ne ƙashin bayan kowace manhaja, Turawa suna kiransa da kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Baitul Hikma ta Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Da aka fassara littafinsa na lissafin lambobin Indiya zuwa Latin a ƙarni na 12, sai sunansa ya rikiɗe a bakinsu ya zama Algoritmi. Larabawan yau sun mayar da kalmar gida, suna cewa khawarizmiyya. Shahararren littafinsa na aljabara kuma, wanda ya rubuta wajen shekarar 820, babban kaso na ƙarshensa mas'alolin wasiyya ne da rabon gado, kuma tun a gabatarwa ya nuna cewa buƙatun mutane a gado da kasuwanci da shari'u da awon filaye ne suka sa ya yi aikin. Ba mu kawo wannan don alfahari da kakanni ba, alfaharin da ya daɗe yana sa mu barci. Mun kawo shi ne don uban da yake ganin abin baƙo ne ga addininsa ya san cewa bukatar fiƙihu na cikin abubuwan da suka rene shi.

A aji mai inganci, ƙananan yara sukan fara da Scratch, manhajar da cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a rubuta komai da yawa a cikinta, umarnin an yi su ne kamar tubala masu launi, yaro yana jawo su yana harhaɗawa, ya ga sakamakon nan take. Kyauta ce, ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba, kuma an fassara ta zuwa harsuna da dama har da Larabci. Idan yaro ya girma ya kama karatun Turanci da lissafi sosai, sai a wuce da shi zuwa harshe irin su Python, wanda ya fito tun 1991 kuma da shi ake gudanar da manyan ayyuka a duniya yau. Ya kamata iyaye su riƙe wannan: duka biyun ba a sayensu. Kuɗin da ake biya na malami ne da wuri da wuta da na'ura. Wanda ya ce maka tsadar ajinsa ta zo ne daga sayen waɗannan manhajoji, to ka sake dubansa.

Batun mutum-mutumi

Nan ne damuwar masu tsantseni ta fi yawa, kuma laifin fassara ne. Kalmar robot ta shigo duniya ne daga wani wasan kwaikwayo na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, a 1920, kuma tushenta a harshensu yana nufin aikin tilas, irin na bauta. Ma'anar tana kan aiki ne, ba a kan siffa ba. Mu kuwa da muka tashi fassarawa sai muka ɗauko mutum-mutumi, kalmar da muke kiran siffar da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, da kuma sassaƙen da ake girkewa a shataletale. Sai sunan ya jawo wa abin hukuncin da ba nasa ba.

Abin da yara ke haɗawa a mafi yawan waɗannan azuzuwa ɗan akwati ne mai tayoyi, da batir, da ƙaramin allon lantarki irin su Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005, ko micro:bit da BBC ta raba kyauta ga ɗalibai kusan miliyan ɗaya a Birtaniya a 2016. A gabansa akan liƙa wata 'yar na'ura da ke aika sautin da kunnen mutum ba ya ji, ta jira ya bugi bango ya dawo. Tunda sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo ake lissafa nisan bangon, sai umarnin da yaro ya rubuta ya ce wa tayoyin su tsaya ko su karkata. Babu kai, babu fuska, babu siffar wani mai rai. Wannan na'ura, idan aka ɗora ta a saman tankin ruwan masallaci, ita ce za ta auna cikarsa ta kashe inji kafin ruwa ya yi ta malala a titi, abin da kusan kowace unguwa ta san takaicinsa. Irinta mai auna damshin ƙasa kuma za ta gaya wa mai noman rani lokacin da shukarsa ke son ban-ruwa.

To, ina haramcin yake? A mazhabar Malikiyya da akasarin Musulmin ƙasar nan suka tashi a kanta, bayanin da malamai irin su Shehu Dardir suka yi a sharhin Mukhtasar shi ne, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mutum ko dabba, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, ba a rage mata abin da mai rai ba zai rayu ba sai da shi. Zanen da ba shi da inuwa bai kai matsayin haram ba a wurinsu, ko da yake wasu mazhabobin sun fi tsanantawa. Sun kuma keɓe 'yar tsanar yara mata, saboda abin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinsu a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Idan aka auna akwati mai tayoyi da wannan ma'auni, ko sharaɗin farko bai cika ba. Hukuncinsa hukuncin keken ɗinki ne ko injin markaɗe.

Inda maganar take da nauyi shi ne na'urar da aka ƙera da cikakkiyar surar ɗan Adam, da fuska da idanu da leɓɓa, irin Sophia da aka yi ta yayatawa a 2017 lokacin da aka ce Saudiyya ta ba ta shaidar zama 'yar ƙasa. Wannan kam ta shiga cikin abin da malamai suka yi magana a kai, kuma ra'ayinmu shi ne malamin aji Musulmi ya kauce wa sa yara ƙera irinta. Ba a rasa komai na ilimi da barinta, domin fuskar ado ce kawai, aikin yana cikin allon lantarki da umarnin da aka rubuta. Wani zai ce ai Badi'uz Zaman al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙiyya a Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, ya cika littafinsa na 1206 da na'urori masu siffar mutane da giwa da tsuntsaye. Gaskiya ne, kuma cikin na'urori 50 da ya bayyana har da agogunan ruwa, da injinan ɗaga ruwa daga kogi, da masu zuba wa mai alwala ruwa. Muna ɗaukar fasaharsa da hannu biyu, amma aikin injiniyan fada ba hujja ba ne a shari'a. Waɗanda suka je Umara ko Hajji a 'yan shekarun nan sun ga misali mafi kusa: na'urori masu tafiya da kansu a Masallacin Harami, wasu suna feshin tsaftace wuri, wasu suna raba gorunan Zamzam, wasu kuma suna amsa tambayoyin alhazai a harsuna 11, ciki har da Hausa.

Wajibi ne, amma a kan wa?

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, bisa dalilin cewa duk abin da rayuwar al'umma ba ta tsayuwa sai da shi, to laifi yana kan kowa idan aka rasa mai yinsa. Yau albashi da asusun banki da rajistar asibiti da tantance maniyyata duk a kan manhaja suke tafiya. Al'ummar da ba ta da masu rubuta manhaja za ta zauna ne wasu suna tsara mata yadda za ta yi ciniki da yadda 'ya'yanta za su yi karatu. Ingila ta wajabta darasin kwamfuta, har da kodin, tun daga 'yan shekara biyar a 2014. A nan gida hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020.

Sai dai farillar kifaya ba farillar kowa da kowa ba ce, kuma wannan bambanci yana sauke wa talaka nauyi. Ba kowane yaro ne zai zama mai rubuta manhaja ba, kamar yadda ba kowa ne zai zama likita ba. Abin da ya shafi kowane ɗalibi shi ne iya sarrafa kwamfuta, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma har yau akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa zama gaban na'urar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan a nema wa kowane yaro. Kodin kuwa a ɗanɗana masa, idan an ga yana mance kansa a ciki, yana dawowa gida da tambayoyi, sai a ƙara masa. Idan bai karɓe shi ba, babu dalilin cin bashi don a yi gasa da maƙwabta.

'Ya'ya mata suna cikin wannan magana daidai da maza. A 2018 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka da manhajar gano jabun magunguna. 'Yan matan Herat na Afganistan, waɗanda sai da aka hana su bizar Amurka sau biyu kafin su halarci gasar mutum-mutumi a Washington a 2017, su ne a 2020 suka harhaɗa samfurin na'urar taimaka wa numfashi da kayan gyaran mota lokacin annobar korona. Ga macen da za ta yi aure ta zauna a ɗakinta, da wuya a sami sana'ar da ta fi wannan dacewa, tunda daga gida ake yinta. Sharuɗɗan wurin karatu su ne waɗanda muka sani a ko'ina: kada malami ya keɓe da yarinya, a san lokacin tashi, a san mai ɗauko ta.

Kafin a biya kuɗi, gani ya kori ji. Uba ko uwa su je ajin da ƙafarsu, su ƙirga yara su ƙirga kwamfutoci. Idan yara shida ne a kan na'ura ɗaya, to ɗaya ne ke koyo, biyar 'yan kallo ne. Su dubi abin da yaran ke yi: idan malami ne ke rubutu a allo su kuma suna kwafa harafi da harafi, hadda ake yi, kuma kodin ba ya haddatuwa. Tambayar da ta fi tona asiri ita ce a ce wa yaro ya canza wani abu a aikinsa, misali motar da ke juyawa dama ta koma juyawa hagu. Wanda ya fahimta zai yi a cikin minti biyu, wanda aka haɗa wa aka ɗauki hotonsa da ita zai tsaya yana kallonka. Takardar shaidar mako huɗu ba ta da wata daraja a kasuwar aiki, abin da yaro ya ƙera da kansa shi ne shaida. A kuma tambaya ko kwamfutocin a buɗe suke ga intanet ba tare da mai sa ido ba. Mun san yadda damfarar intanet da cacar ƙwallo suka cinye samari da yawa, har hukumar EFCC tana kama gidajen da aka mayar makarantun koyar da damfarar. Ilimin da ake gina manhajar asibiti da shi, da shi ake kwashe asusun marayu, don haka malamin da ba a san halinsa ba bai cancanci a damƙa masa yaro ba komai ƙwarewarsa. Ga 'yan ƙanana sosai kuma babu gaggawa: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allon na'ura.

Wasu ɗalibai suna tambaya ko akwai sauran amfanin koyon kodin tunda manhajoji irin su ChatGPT, da ta fito a ƙarshen 2022, suna rubuta shi cikin daƙiƙoƙi. Suna rubutawa, kuma suna yin kuskure da cikakkiyar gadara, irin kuskuren mai tumaki 120 ɗin nan. Yawaitar littattafan fatawa bai sa an daina buƙatar wanda ya karanci fiƙihu ba, ƙara buƙatarsa ma ya yi, domin shi ne zai gane inda aka ɗora amsa a kan tambayar da ba tata ba. Haka abin yake a nan.

Saura batun lokaci, wanda a ganinmu ya fi batun sura hatsari, saboda shi ba a jin zafinsa nan take. Yawancin azuzuwan nan ana sa su ne Asabar da Lahadi da safe, daidai lokacin Islamiyya da tahfizi a gidaje da yawa, kuma idan aka yi karo, Islamiyyar ce ke faɗuwa, tunda ita ce mai arahar kuɗi. Karatun tsarki da salla da gyaran Fatiha farilla ce a kan kowane yaro da kansa, ba a ajiye ta don farillar kifaya. Amma ba dole ne a yi karon ba. Makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutun Alhamis da Juma'a, ga azuzuwansu a rufe, ga benci, wasu ma ga sola a kan rufi. Kwamitin makaranta zai iya neman tsofaffin kwamfutoci goma daga masu hali a matsayin waƙafi, ya ɗauki ɗaya daga cikin matasan unguwa da suka karanci kimiyyar kwamfuta suke zaune babu aiki, ya ware yammacin Alhamis. Inda kwamfutocin ba su samu ba tukuna, akwai darussan da malamai a Jami'ar Canterbury ta New Zealand suka tsara tun shekarun 1990, waɗanda ake koyar da tushen ilimin da katuna da alli da zane a ƙasa, ba wuta ba na'ura, kuma kyauta ake samunsu. Da su za a iya buɗe ajin, a yi zangon farko ana jiran waƙafin ya cika.